Larai, Afnan ko Minal? Saura kwana biyar suna

Angon Ƙarni: Assalamu alaikum jama'a. Allah Ya sauki maiɗakina lafiya shekaranjiya Laraba da hantsi, an samu 'ya mace, uwa da 'ya duk lafiya lau. Na yi mata huɗuba da Hauwa'u, sunan kakata ta wajen uwa, wannan kam babu wanda ya ja. Inda aka tsaya shi ne sunan da za a riƙa kiranta da shi, tunda Hajiyarmu ba za ta iya buɗe baki ta kira sunan mahaifiyarta ba. Ita Hajiya ta ce Larai, tunda ranar Laraba ta zo. Ƙannen maijego kuma sun turo min Afnan da Minal da Amal, sun ce Larai sunan tsofaffin ƙauye ne, dariya za a riƙa yi wa yarinya a makaranta. Don Allah masu ilimi, mene ne ma'anar waɗannan ukun, kuma wanne za ku ba ni shawara?

Gwaggo: Barka da arziki ɗana. Allah Ya raya ta bisa sunna, Ya ba uwar lafiyar shayarwa.

Bakano a Agege: Masha Allah, ango ka sha ƙamshi. Allah Ya sa mai jin ƙan iyayenta ce.

Malam Na Zaure: Wa alaikumus salam. Allah Ya albarkaci abin da aka samu. Amal Larabci ne tsantsa, ma'anarsa fata ko buri, ba shi da aibi. Afnan jam'i ne, rassan itace ke nan, kuma kalmar ta zo cikin Suratur Rahman wajen siffanta gonakin Aljanna guda biyu. Shi ma babu laifi. Amma Minal a duba shi da kyau. In da haka ake rubuta shi, to ba suna ba ne a Larabci, harafin "min" ne, wato "daga", aka haɗa da "al". Ina kyautata zaton Manal ake nufi, abin da mutum ya nema ya samu, bakin mutane ne ya karkatar da shi. Ba duk kalmar da aka ji a karatun Alƙur'ani ce ta dace da suna ba, domin sunan Fir'auna ma yana ciki.

Angon Ƙarni: Allah Ya gafarta Malam, na gode. To Larai fa? Wata cikinsu cewa ta yi ma sunayen ranaku al'adar Maguzawa ce.

Malam Na Zaure: Ita kanta kalmar Laraba daga ina ta zo? Daga Larabci, "al-arbi'a", rana ta huɗu. Lahadi ta ɗaya, Litinin ta biyu, Talata ta uku, Alhamis ta biyar. Ka ga ashe Larai, Balaraba, Ladi, Altine, Talatu, Lami, Jummai da Asabe duk tushensu Larabci ne, harshen Hausa ne ya tausasa su. Wanda ya ce maguzanci ne bai bi sawun kalmar ba.

Ɗalibar Jami'a: Malam, ina neman afuwa, amma ni ina bayan ƙannen maijego. Ba maganar halal da haram ake yi ba. Yarinyar ce za ta ɗauki sunan nan ta shiga aji da shi, ba kakarta ba. Na yi makarantar kwana da wata Talatu, har muka gama ba ta yarda a kira ta da shi ba, sai sunanta na yanka. Zamani ya canza, kuma sunayen Larabci suna da ma'anoni masu daraja. Namu fa? Rana kaza, bayan wane, lokacin kaza. Labarin haihuwa kawai.

Malam Na Zaure: 'Yata, ba ki yi laifi ba, kuma maganar abin da yarinya za ta ji a ranta magana ce mai nauyi. Amma kan ma'ana, bari in ɗan tsaya. Sunayen da muke ganin sun fi namu, a wajen masu harshen su ma labarin haihuwa ne da abubuwan da suke gani kullum a gabansu. Khadija a asalin lugga ita ce wadda aka haifa kafin cikar watanninta, bakwaini ke nan a bakinmu. Fatima daga yaye ne. Bakr da ke cikin Abubakar saurayin raƙumi ne. Usman, masu ƙamus sun ce ɗan tsuntsun da muke kira tuje ne. Ja'afar ƙorama ce. Zainab wata itaciya ce mai ƙamshi. Darajar da sunayen nan suke da ita a zukatanmu daga waɗanda suka ɗauke su ta zo, Allah Ya ƙara musu yarda, ba daga ƙamus ba.

Kuma dubi gidajenmu da ake jera Muhammadu. Auwal, wanda ya koma Lawal, sai Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, Ashiru. Ƙirga ce zalla, na ɗaya har na goma. Mutane da yawa suna zaton Sani daga sanin ilimi ne, alhali "na biyu" ake nufi. Me ya raba wannan da Tanko, namijin da ya zo bayan mata, ko Kande da Delu, macen da ta zo bayan maza, ko Gambo mai bin tagwaye, ko Auta?

Malamar Firamare: Rumawan da ma haka suke yi, Quintus na biyar, Sextus na shida, Decimus na goma. A Japan kuma Ichiro ɗan fari, Jiro na biyu, Saburo na uku. Ni abin da nake gani a rajistar ajina shi ne, cikin 'yan mata sama da talatin babu Ladi, babu Asabe, babu Jummai ko ɗaya. Shekara goma sha biyar da suka wuce ba a rasa biyu ko uku. Abin yana taɓa ni, don ina ganin wani abu namu yana ƙarewa a gaban idona.

Ɗan Zango: Ina gaishe ku daga Kumasi. Ɗalibar Jami'a, da za ki zo nan da kin ga mutanen da ba sa jin kunyar sunan rana. Asantawa da sauran Akan kowa yana da shi, daga mai tallan ayaba har shugaban ƙasa. Lahadi Kwasi da Akosua, Litinin Kwadwo da Adwoa, Talata Kwabena da Abena, Laraba Kwaku da Akua, Alhamis Yaw da Yaa, Juma'a Kofi da Afua, Asabar Kwame da Ama. Kwame Nkrumah da ya karɓo wa Gana 'yanci a 1957, da a Kano aka haife shi Ɗan'asabe za a ce. Kofi Annan ya riƙe Majalisar Ɗinkin Duniya shekara goma da sunan da ma'anarsa Ɗanjuma, kuma ranar Juma'a aka haife shi a 1938. Cikakken sunansa Kofi Atta Annan, Atta ɗin kuwa ɗan tagwaye ne, domin tare da 'yar uwarsa suka zo. Yaa Asantewaa da ta ja yaƙi da Turawan Ingila a 1900, Lami ke nan. Jaririyar Ango da a nan ta faɗo, maƙwabta Akua za su ce mata ko an so ko ba a so ba, kuma ba wanda zai ji an rage ta.

Ɗan Filato: Ba sai an je Gana ba ma. A zaro naira ashirin a juya bayanta, matar da ke ginin tukunya Ladi Kwali ce, Bagwariya, da sunan Lahadi na Hausa ta yi suna har Turai. Janar Danjuma Bajukune ne daga Takum. Mu Kiristocin Arewa muna riƙe da sunayen nan ƙam, a cocinmu akwai Talatu, akwai Laraba, akwai Ɗanladi, akwai Asabe. Wani lokaci har mamaki nake yi yadda masu abin suke sakinsa mu muna riƙewa.

Kuma tunda ana maganar asali, sunayen annabawa da muke tarayya da ku yawancinsu daga Ibrananci ne. Ishaku ma'anarsa "ya yi dariya", Isma'ila "Allah Ya ji", Yusufu "Allah Ya ƙara". Yusufun nan shi ne Joseph a Ingila, José a Sifen, Giuseppe a Italiya. Yohanna namu shi ne John, shi ne Jean a Faransa, Juan a Sifen, Ivan a Rasha. Bitrus kuwa asalinsa Girkanci ne, dutse, amma ta bakin Larabawa ya iso mana, shi ya sa ya yi kama da Boutros na Masar bai yi kama da Peter ba.

Ɗalibar Jami'a: Na karɓi gyara kan ma'ana, ban san ta Khadija da Usman ba wallahi. Amma ku gaya min gaskiya, akwai sunayen Hausa da ba su kamata a ɗora wa ɗan Adam ba. Ajuji fa? Ayashe fa? Yaya uwa za ta kalli abin da ta haifa ta ce a kai shi juji?

Angon Ƙarni: Ikon Allah. Ita kakar tawa da aka mayar wa suna, Ajuji duk garin suka san ta da shi. Sai da na girma na san Hauwa'u ce.

Gwaggo: 'Yar nan, zauna in ba ki labari, don na ga abin da idona. Yayar babata wabi ta yi. Biyar ta binne, babu wanda ya kai yaye. In ta haihu ba ta ko son a yi guɗa. Da ta haifi ta shida, ina 'yar shekara tara, da sassafe ungozoma ta naɗe jaririyar a tsumma, ba a zane mai kyau ba, ta fita da ita bayan gida ta ajiye a kan juji, kusa da inda muke zubar da toka. Muna leƙe ta jikin danga. Ba ta fi ƙiftawa da bismilla a wurin ba, sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta zo ta ɗauka tana cewa ta tsinci 'ya, wa zai saya. Aka ba ta 'yan kuɗi aka karɓo. Uwar tana ɗaki ta juya fuska ga bango tana kuka, ko kallo ba ta yi ba. Ajuji aka riƙa ce wa yarinyar. Nufinsu a nuna kamar ba a damu da ita ba, ko mutuwa ta kau da kai. Ba ƙi ba ne 'yar nan, so ne da ya ji tsoro. Irinsu ne Ayashe, da Abarshi, da Abarta, da Barau. Roƙo ne, a bar mana wannan.

Ta rayu kuwa, ta haifi tara, bara waccan ta rasu.

Malam Na Zaure: Gwaggo, Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan waɗanda suka riga ta. Amma dole in faɗa, kai jariri juji don a ɓatar da mutuwa camfi ne, ba ya ƙara kwana ba ya ragewa. Ajali na hannun Allah. Kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana canza suna in maras kyau ne. Wata 'yar Sayyidina Umar ana ce mata Asiya da harafin aini da sadi, wato mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. A lura, ba Asiya matar Fir'auna ba, wannan rubutunsa dabam ne kuma suna ne mai kyau. Kakan Sa'idu ɗan Musayyib sunansa Hazn, ƙasa mai tsauri, Annabi ya ce masa kai Sahl ne, mai sauƙi, ya ce ba zai canza sunan da ubansa ya sa masa ba. Sa'idu ya ce tsaurin bai gushe a cikinsu ba bayan haka. Saboda haka ni ba zan ba kowa shawarar Ajuji a yau ba.

Gwaggo: Ban musa ba Malam, ni ma ban sa wa nawa ba. Yanzu ga asibiti ga rigakafi, an gane yawancin abin da ke kwashe yaran nan ciwo ne. Cewa na yi kada a zagi matan da suka yi. Wanda bai binne biyar ba bai san abin da ke sa uwa ta yi haka ba.

Malam Na Zaure: Wannan gaskiya ne Gwaggo. Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Bakano a Agege: Labarin Gwaggo ya sa jikina ya yi sanyi, domin irinsa sak na ji a bakin Yarabawan da nake zaune da su shekara ashirin. Su abiku suke cewa. Sunayensu Malomo, kada ka sake tafiya. Durojaiye, tsaya ka ci duniya. Kokumo, wannan ba zai mutu ba. Akwai Kosoko, wato babu fartanya, ba abin da za a haƙa kabari da shi. Inyamurai kuma ogbanje, suna da Onwubiko, mutuwa ina roƙonki, da Ozoemena, kada ya sake faruwa. Mutanen da ba su jin yaren juna, amma kuka ɗaya suka yi.

Sai tagwaye. Mu Hassan da Husaini muke cewa, su Taiwo da Kehinde. Abin da ya ba ni mamaki, Taiwo da ya fara fitowa shi ne ƙarami a wajensu, wai babban ne ya aiko shi ya ɗanɗano duniya ya ga ko da daɗi. Mai bi musu Idowu, Gambonsu ke nan. Wanda aka haifa bayan rasuwar kaka namiji Babatunde, baba ya dawo, mace kuma Yetunde ko Iyabo. Ango, abin da kuka yi na mayar da sunan kaka, da Bayarabe ne Yetunde zai ce ya huta.

Ɗan Zango: Akan ma suna sa wa ɗan wabi Donkor, wato bawa, don a nuna ba shi da wata daraja da za a ɗauke shi saboda ita.

'Yar Fulani: Barka Ango. Ni maganar alkunya ce ta ja hankalina, domin ita ce ta haifar da tambayar tun farko. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari har ta mutu, inna ta ba ta taɓa kiran yayanmu da sunansa ba, ko a gaban likita sai dai wani ya faɗa. Daga nan ne Dikko ya fito, ɗan fari, da Sambo, na biyu. Fulanin Futa Toro can Senegal jerin nasu ya fi tsawo, Hammadi, Samba, Demba, Yero, Pate, mata kuma akwai Kumba da Penda. Bello ma Fulatanci ne, mataimaki, kuma ya bazu ne albarkacin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Fodiyo kuwa malami ke nan.

Kuma ba dole ne a bi abin da aka saba ba. Nana Asma'u 'yar Shehu tagwaye ce, an haife ta a 1793 tare da ɗan uwanta Hassan, amma Shehu bai sa mata sunan tagwaye ba, ya sa mata Asma'u.

Malamar Firamare: Alkunyar nan ita ta cika gidajenmu da Abba, Baffa, Ummi, Umma, Nana, Walida da Khalifa. Sannan ga laƙabin da ke bin suna da kansa, kowane Bahaushe ya san Abubakar Garba ne, Umaru Sanda, Usman Shehu, Yusufu Maitama, A'isha Indo, Fatima Binta, Zainabu Abu. Ango, kada a manta, Hauwa ma tana da nata, Kulu. Ga wata hanyar ke nan in an rasa daidaito.

Ɗan Damagaram: Fatan alheri daga Zinder. Duk wanda aka zaɓa, roƙona ɗaya ne, a tsayar da rubutu guda tun daga takardar haihuwa. Mu nan Faransanci ya lanƙwasa mana sunaye, Yusufu ya koma Issoufou, Usman Ousmane, Abubakar Aboubacar, Mamman kuma Mamane. Ni takardun makarantata na nan gida da rubutun Faransa suke, da na je karatu Najeriya wani ma'aikaci ya rubuta min irin na can, ban kula ba. Ranar da zan karɓi sakamako aka ce mutum biyu ne. Wata huɗu ina zirga-zirga da rantsuwar kotu kafin a yarda ni ne ni. Muhammadu ɗaya ne, amma Mamman ne a Katsina, Modu a Barno, Mamadou a Mali, Mehmet a Turkiyya. A baki duk daidai ne, a takarda kuwa harafi ɗaya sai ya tsayar da mutum.

Kuma kada laƙabi ya shiga takarda. Hauwa'u a rubuta.

Ɗalibar Jami'a: Gwaggo, ki yafe min, na yi magana ban san zafin abin ba. Na kira mamata na tambaye ta, ashe ita ma tana da goggo Abarta. Amma ni ina ganin ya kamata a ji ta bakin maijego. Duk mun yi ta magana, Hajiya ta faɗi nata, ƙanne sun faɗi nasu, ita da ta yi naƙudar fa?

Gwaggo: Babu komai 'yar nan, Allah Ya yi miki albarka. Kuma nan kin fi mu gaskiya. Ɗana, shiga ɗaki ka tambaye ta ku biyu, ba a gaban 'yan barka ba.

Malam Na Zaure: Na goyi bayan wannan. Kuma ka gaya mata sunan yankan da kuka zaɓa babba ne, malamai suna danganta Hauwa'u da rayuwa, domin ita ce uwar duk wani mai rai cikin 'yan Adam.

Angon Ƙarni: Jama'a, na dawo da godiya. Jiya Laraba aka yi suna, an yanka rago bayan sallar asuba, aka raba goro da dabino, wanzami ya yi aski. Hauwa'u aka sanar, haka kuma na rubuta a takardar haihuwa. Na bi shawarar Gwaggo na tambayi maijego mu biyu. Ta ce ita tun tana da ciki Amal take so, saboda shekara shida muka yi muna jira, kunya ce ta hana ta faɗa sai ta bi ta bakin ƙannenta. Minal kam an ajiye shi. Hajiya da na kai mata maganar ta ce uwa ta fi ta iko, amma ita bakinta ya riga ya saba, Larai za ta ce. Yanzu ɗakin maijego Amal, ɗakin Hajiya Larai.

Da daddare bayan mutane sun watse na zauna wajen Hajiya na tambaye ta dalilin da ya sa ake ce wa mahaifiyarta Ajuji, abin da ban taɓa tambaya ba duk tsawon rayuwata. Ta yi shiru, jaririyar na kan cinyarta, sannan ta ce huɗu aka binne kafin ita, uku maza ɗaya mace. Ta lissafo min sunayensu ɗaya bayan ɗaya, na ɗauko biro na rubuta su a bayan ambulan ɗin da takardar haihuwar take ciki.